Gurbin Taɓarya ta Uku

Ranar da ake shirin bikin jikata Fanna, ƙawayenta sun cika tsakar gida da surutu, sai ɗaya daga cikinsu ta hango turmina a kife bayan ɗaki, ta ce lallai sai an ɗauke ta hoto tana daka. Aka mirgino shi, aka zuba mata ɗan gero, ta kama taɓarya kamar mai shirin kashe maciji. Kafin mai riƙe da wayar ta gama gyara tsayuwa, rabin geron ya watse ƙasa kaji suna nasu bikin, ita kuwa ta dafe ƙugu tana haki. Duk da haka bakinta bai mutu ba. Wai ai daka ba wani abu ba ne, ɗagawa ne da saki, kuma a wurin motsa jikin da take zuwa tana ɗaga ƙarfen da ya fi itacen nan nauyi. Wato yanzu kuɗi ake biya a je a yi gumi. Mu a lokacinmu mu ake biya, a kuma haɗa mana da abincin rana.

Saratu, tsohuwar abokiyar aikina da ta zo bikin, ta ɗan zungure ni, muka tashi muka karɓi turmin don mu nuna musu. Ba mu jima ba yarinyar nan ta sake magana. Ta ce su Kaka dai tsufa ya zo, duk bugu biyu sai sun tsaya sun huta. Aka yi dariya, ni ma na yi, don gida cike yake da baƙi, ba lokacin dogon bayani ba ne. Yanzu da biki ya watse, an wanke tukwane an mayar wa masu su, sai ku zauna ku ji amsarku.

Ni Zara, a unguwar Bulabulin aka haife ni, da taɓarya na ci na sha, da ita na aurar da 'ya'yana. Dakan biki ne sana'armu. In za a yi aure ko suna ko sadakar mamaci, matan gida ba sa iya surfa abin da taro zai ci, sai a aiko a kira mu. Kada ku ɗauka babu injin niƙa a lokacin, yana nan, amma inji gari ya iya. Burabusko kuwa tsaki yake so, tsaki mai girma ɗaya, wanda in an turara shi zai warware a faranti bai cuɗe ba. Matan garin nan na da, da loma ɗaya suke gane burabuskon inji, su ture kwanon su ce ƙarfe suke ji a bakinsu. Don haka sai mu. Za a yayyafa wa gero ruwa a surfa shi har dusa ta saki, a bakace, a wanke, a shanya ya ɗan sha iska, sannan a mayar turmi a fasa shi, a tankaɗe a raba gari da tsaki. Garin ya tafi kunu, tsakin ya tafi tukunya. Ban da wannan muna daka yajin jego, muna daka kajiji na turaren wuta, wanda in kin yini a kansa har kwana uku mutane na tambayarki ko daga ɗakin amarya kike.

Wadda ta koya mini ita ce Ya Kaltum, Babarbariya ce 'yar unguwar Limanti, doguwa, ba ta da yawan magana, in ta yi kuwa ba ta maimaitawa. Mahaifiyata ce ta kai ni wurinta ina 'yar budurwa, ba don ina son aikin ba, sai don na addabi unguwa da faɗa. Kullum aka aike ni famfo sai an rako ni gida da ƙara. Ya Kaltum ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce a bar mata ni.

Na ɗauka ranar za a ba ni taɓarya. Faifai aka miƙo mini. Na daɗe ina bakace da tankaɗe da sharar dusa, kuma abu ɗaya ta ce in riƙa kallo: ƙafafun masu daka, ba hannayensu ba. Na ga abin kamar raini ne. Sai da ta tsayar da ni gaban turmi na gane. Ta sa ƙafarta ta buɗa nawa, ta danna mini bayan gwiwa ta ce in sassauta, ta dafa ƙuguna ta ce daga nan aiki yake fitowa. Kafaɗa ba ta daka, duk wadda ta yi daka da kafaɗa kafin azahar ta mutu. Ba a dukan hatsi, ɗaga taɓarya ake yi a rako ta ƙasa, nauyinta ne ke aikin. Numfashi kuma yana fita tare da saukarta, shi ya sa kuke jin masu daka suna wannan ƙaramin nishin, ba wahala ba ce, hanya ce. Tafin hannuna ya yi bororo, ya fashe, ya warke, ya sake yi, har kanta ta zauna. Da na nuna mata ina neman tausayi, sai ta buɗe mini nata tafin, na taɓa na ji kamar bayan ƙwarya, na koma bakin aikina.

Babban turminta na ƙirya ne, mai faɗin baki, ta gada wurin uwarta. Ya taɓa tsagewa a gefe aka ɗaure shi da ƙarfe, kuma maza biyu ke ɗaga shi. Ba a barin ruwa ya kwana a ciki, ba a barin sa a rana, in an gama a goge a kife. Taɓarya kuwa kowa da tata. In ta daɗe a hannu, wuyanta yakan yi santsi daidai inda mai ita ke riƙewa, har ta zama in kin ɗauki ta wata sai ki ji kamar kin sa takalmin aro. Ta Ya Kaltum ta fi ta kowa tsawo, ba wadda ke taɓa ta.

Abin da ya bambanta ta da sauran shugabannin daka shi ne yadda take raba aiki. Da safe in mun taru mun gaishe ta, fuskokinmu take karantawa kafin ta dubi buhunan. Ba ta taɓa tambayar me ya same ki. Wadda ta zo rai a ɓace ba ta zuwa kusa da gero, don hannun mai fushi farfasa hatsi yake yi tun dusa ba ta fita ba. Ita za a ba busasshiyar citta ko kajiji, abin da yake son ƙarfi, a ware ta gefe guda ita kaɗai. Wadda ta zo da rawar kai, bakinta ba ya rufuwa, a zaunar da ita kan tabarma a ba ta rariya ta yi ta tankaɗe har ta natsu. Wadda kuwa ta zo jiki a sanyaye, ido a ƙasa, ita ce ake sakawa a babban turmi tsakanin mutum biyu, inda ba ta da damar tunani.

Na tuna wata jajibirin Salla, bayan na yi aure. Maigidana Malam Bukar tela ne, Allah ya ji ƙansa. Ya ɗinka wa 'ya'yan rabin Bulabulin kayan Salla, na 'ya'yansa kuwa suna nan a ninke ko yankawa bai yi ba. Na fito gida na riga na shirya maganganun da zan gaya masa da yamma, kowace na wasa ta ta yi kaifi. Ya Kaltum ta kalle ni sau ɗaya ta nuna mini buhun kajiji. Na hau shi da duka, kowane bugu da sunan Malam Bukar. Ban san lokacin da abin ya juya ba. Hantsi na yi gumi ya jiƙa mini zane, numfashina ya daidaita, na nemi maganganun nan na rasa rabinsu, sauran kuma na ji sun yi mini nauyin faɗa. Kafin azahar tunanin da nake yi shi ne, bawan Allahn nan kwana nawa rabonsa da barcin kirki, ko in dama masa kunu in aika masa shago. Kayan yara dai sai bayan Salla aka ɗinka, ba wai daka ya ɗinka su ba. Amma na koma gida da bakin da za a iya zama da shi.

Na tambaye ta daga baya ko wani asiri ne. Ta ce babu asiri, zuciya a cikin jiki take zaune, in jiki ya tsaya wuri ɗaya ita ma ta tsaya kan abu ɗaya. Iyakar bayanin da na taɓa samu daga gare ta ke nan.

Yanzu ku saurara da kyau, don nan amsarku take. Daka na mutum uku a turmi ɗaya shi ne ƙarshen gwaninta. Bakin turmi taɓarya ɗaya yake ɗauka a lokaci guda, saboda haka kowa da gurbinta. Ta farko ta sauka, tana tashi ta biyu ta shiga, tana tashi ta uku ta rufe, sai a koma kan ta farko. In kin yi gaggawa taɓare su haɗu, kuma na ga wadda ta rasa haƙori ta haka. In kin yi jinkiri kin tsinke wa kowa numfashi. Ba a kallon turmi, kunne ne ke aiki da ƙugu. Ni ce ta farko, Saratu ta biyu, Ya Kaltum ta uku, don ta uku ce ke riƙe da saurin kowa: in ta ɗan ja, dole mu ja, in ta matsa, mu matsa.

Saratu 'yar ƙabilar Bura ce daga wajen Biu, mijinta malamin makaranta ne. Ranar Lahadi ba ta zuwa, tana coci, mu kuma ranar Juma'a da hantsi muke kife turmi, ba wanda ya taɓa mayar da wannan abin magana. In daka ya yi daɗi a gidan biki, ita ke fara waƙa da yarensu, Ya Kaltum ta amsa da Barbarci, ni in cike da Hausa, ba wadda ke jin ta wata sosai, amma taɓare sun ji juna. Daga nan sai lugude. A cilla taɓarya sama, a tafa, a cafe, a ɗan ƙwanƙwasa gefen turmi, kuma gurbi bai ɓace ba. Za ku ga matan gida sun bar tukunya sun zagaye mu, tsofaffin da suka ce ƙafa na ciwo suna gyaɗa kafaɗa, uwar amarya da ta kwana da damuwar abinci ba zai isa ba tana dariya har da guɗa. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan lokacin ba, kuma ban ƙara ji ba. Mukan koma gida a gajiye liƙis, amma zuciya fes.

A gidan rasuwa ba a waƙa, ba a lugude, daka ne a hankali. Akwai wani gida kusa da Kasuwar Kwastam, na wani mai sayar da atamfa da ya rasu, aka kira mu dakan sadaka. Babbar 'yarsa tana zaune jikin bango, aka ce tun ranar jana'iza ba ta yi kuka ba, ba ta ci ba, in an yi mata gaisuwa sai dai ta kalli mutum. Muna da hannu isasshe, amma Ya Kaltum ta je ta tsaya a kanta ta ce hannu ya yi mana kaɗan, ta zo ta taya mu, abincin sadakar mahaifinta ne. Kunya ta sa yarinyar ta tashi. Aka ba ta gurbina. Da farko taɓaryar ce ke jan ta, daga baya ta kama. Can sai muka ji numfashinta ya sauya, hawaye na zuba cikin gumi, Ya Kaltum ba ta tsaya ba, mu ma ba mu tsaya ba. Da aka juye turmin ta nemi ruwa, bayan ruwa ta ci abinci. Haka Ya Kaltum take yi a duk gidan makoki, kuma sau da yawa yakan ci, wani lokaci kuma ba ya ci.

Sai shekarun tashin hankali suka zo, waɗanda ku kuna goye ko ba a haife ku ba. Dokar hana fita, shingen bincike a kowace kwana, aure ya koma ɗauri da dabino a watse. Wa zai tara jama'a, balle ya kira masu daka? Har ƙarar turmi ta zama abin tsoro. Akwai safiyar da maƙwabta suka aiko suna roƙo mu dakata, wai yara na jin dim-dim ɗin suna kwanciya a ƙasa. Da yawa cikin abokan aikinmu suka koma wankau, wasu suka bar garin.

A cikin wannan hali ne Modu, ɗan Ya Kaltum namiji tilo, ya fita da safe zuwa rumfarsa a kasuwa, bai dawo ba. An nema duk inda ake neman mutum. Ba a ga shi ba, ba a ga gawa ba. Da an ga gawa da an yi salla, an yi sadaka, an yi kuka an share ido. Wannan kuwa babu abin da za a kama.

Ya Kaltum ta kife babban turmi da hannunta, ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinta tana fuskantar zaure, ta zauna. Salla kawai ke tayar da ita, daga baya ita ma a zaune take yi. Abinci sai an yi da gaske ta kurɓi kunu ta ture. 'Yarta Falmata ta kai ta asibiti, aka ce jininta ya hau, aka ba da magani, aka ce lallai ta riƙa ci tana takawa. An yi addu'a, an sha rubutu. Matar da take ɗaga taɓarya da hannu ɗaya ta koma zanenta na zagaye ta sau biyu, ƙafafunta kuma suka kumbura don zama. Wata rana Falmata ta rako ni zaure ta riƙe mini hannu.

Ta ce, “Ya Zara, Iya tafiya take yi muna kallo. In aka ci gaba a haka ba za ta ga azumi ba.”

Na san gaskiya ta faɗa, kuma tsoro ya kama ni ƙwarai. Washegari na ɗauko dabarar da na gani a gidajen makoki. Na jawo ƙaramin turmi gabanta, na ɗauko taɓaryarta na sa mata a hannu, na ce hannu ya yi mana kaɗan. Ta bar ta ta zame ta faɗi ƙasa. Ta ɗago ta dube ni, karo na farko cikin kwanaki.

Ta ce, “Zara, ni na koya miki wannan. Kada ki yi mini.”

Na ɗauke taɓaryar na jingine, na fita ina jin kunya da baƙin ciki. Na ce a raina shi ke nan, maganin da ta yi wa mutane ita ba zai yi mata ba.

Ana nan sai wata maƙwabciyarsu ta haihu, mijin ya ce ko ƙanƙane ne sai an yi burabusko ranar suna, an gaji da zama kamar babu rai. Aka aiko mana ni da Saratu. Babban turmi yana gidan Ya Kaltum, tura shi a baro kuwa a bi shingaye ana tambaya wahala ce, sai muka nemi izinin Falmata mu yi dakan a nan tsakar gida. Muka gaishe da Ya Kaltum, ta amsa da ka. Muka tayar da turmi, muka yayyafa wa gero ruwa, muka fara, ba da wata niyya ba sai ta aiki.

Dakan mutum biyu a jere yake tafiya, wannan ta sauka waccan ta sauka, babu tazara. Namu ya ƙi. Na sauka, Saratu ta sauka, sai duk muka tsaya taɓare a sama muna jiran ta uku. Shiru ya gifta, sannan na sake sauka. Saratu ta yi tsaki ta ce mu gyara, mu biyu ne yau. Muka gyara, muka ɗan tafi daidai, da hankali ya ɗauke sai ga mu mun koma. Shekaru da shekaru ƙugunmu ya saba da wannan jiran, kai ya san ba ta nan, jiki ya ƙi yarda. Turmi ya yi ta ɗingishi, bugu biyu da shiru, bugu biyu da shiru, har na fara jin haushin kaina.

Ina juyawa in share gumi idona ya faɗa kan tabarma. Fuskar Ya Kaltum tana zaure kamar kullum, amma diddigenta, wannan kumburarren, yana taɓa ƙasa. Ba ko'ina yake taɓawa ba sai cikin shirun nan, daidai gurbinta. Na dubi Saratu, ashe ita ma ta gani. Daga nan ba mu sake ƙoƙarin gyarawa ba.

Aikin suna ya ƙare a ranar, amma washegari muka dawo da geronmu na gida. Da ya ƙare Falmata ta auno nasu, maƙwabta ma da suka ji dalili suka riƙa miƙo nasu ta katanga, waɗanda a da suke roƙo mu dakata. Kullum da hantsi mu zo, mu gaishe ta, mu tayar da turmi, mu bar mata wurinta. Diddige ya koma tafin hannu a kan gwiwa. Daga baya kafaɗa ta fara ɗan sunkuyawa tana tashi. Wata rana na lura ta juya, zaure yana gefenta, mu take fuskanta. Abinci dai har yanzu kurɓa ɗaya ne, Falmata tana fitowa da kwano tana komawa da shi, ni kuma ina lissafin kusantowar azumi a raina.

Ran nan na ɗan yi sauri da gajiya, ina son mu gama. Sai muka ji murya daga tabarma, a dishe.

“Zara, kina cin wurin.”

Muka tsaya. Ta ce wa ya koya mana barin turmi yana ɗingishi haka, mutane na wucewa suna ji, a ce daga gidanta ne. In mu biyu ne mu yi na biyu mana.

Saratu ta ce, “Ya Kaltum, mun gwada, wallahi ya ƙi. Wurinki ne, ba mu iya rufe shi ba.”

Na ɗauka maganar ta ƙare. Sai ta dafa ƙasa, ta dafa bango. Falmata ta zaburo za ta kama ta, na girgiza mata kai. Ta daɗe kafin ta miƙe, ta daɗe kafin ta iso, tana jan ƙafa tana riƙe da zane. Ba wadda ta miƙa mata taɓarya, ita ta ɗauko abinta daga jikin bango, hannunta ya faɗa daidai inda ya saba.

Na sauka, Saratu ta sauka, ita ma ta sauka. Bugun ba ƙarfi, ko ƙirjinta taɓaryar ba ta kai ba, amma a gurbinsa ya faɗa. Duk rayuwarmu ita ke riƙe da saurinmu, ranar ma ita ta riƙe, muka ja sosai muna bin ta a hankali kamar masu rakiyar mai koyon tafiya. Gumi ya tsattsafo mata a goshi. Numfashinta ya fara fita tare da taɓarya, sai na ji nishin ya zama suna. Modu take kira, kowane bugu sau ɗaya. Hawaye ya ɓalle mata, na farko tun ranar da ya fita. Ni ma ina kuka, Saratu na kuka, Falmata ta toshe baki a bakin murhu, amma ba mu tsaya ba, don ita ta koya mana ba a tsayawa a wannan gaɓar.

Da ƙarfinta ya ƙare ta zauna a ƙasa nan gindin turmi, ba ta koma tabarma ba. Ta sha ruwa. Ta sa hannu ta ɗebo abin da muka daka, ta murza a tafinta, ta taɓe baki. Ta ce wannan tsakin wani babba wani ƙarami, ba na kai wa mutane ba ne, abin kunya ne. Sannan ta ɗaga kai ta dubi 'yarta.

“Falmata, turara mana shi mu ci. A sa man shanu.”

Ta ga azumin, ta ga wasu da dama bayansa, ta goya 'ya'yan Falmata. Ba zan yi muku ƙarya in ce ta warke ba. Modu bai dawo ba, kuma har ta koma ga Allah in an yi sallama a zaure da muryar namiji sai ta ɗaga kai. Amma kowace safiya sai ta daka wani abu, ko da ɗan yaji ne, ta ce in ba ta yi ba ranar takan yi mata tsawo. Da za ta rasu ta ce a ba ni turmin da taɓaryarta. Shi ne wanda kuka mirgino kuka ɗauki hoto, doguwar taɓaryar kuma tana ɗakina bayan ƙofa.

Sana'ar ta tafi, na sani. Yanzu a leda ake sayen tsaki, ba mai ture kwano. Ban hana ku zuwa wurin motsa jikinku ba, ku je, gumi gumi ne, kuma ranar da rai ya ɓaci kada ku kwanta da waya a hannu, ku tashi ku nemi abin da zai motsa ku. Amma ke mai cewa su Kaka na hutawa duk bugu biyu, ki sani ni da Saratu ko yanzu za mu surfa buhu ba mu zauna ba. Ba hutawa muke yi ba. Ya Kaltum muke jira ta sauka, kuma har yau hannunmu bai koyi dakan mutum biyu ba.